Haramta sigarin lantarki na sha-ka-yar a Birtaniya: me zai sauya a makarantu?

Tun daga ranar 1 ga watan Yunin 2025, ya zama laifi a Birtaniya ɗan kasuwa ya sayar da irin sigarin lantarkin nan da ake zuƙa har ruwansa ya ƙare sannan a jefar, ko ma ya ajiye shi a shago da niyyar sayarwa. Dokar ta fara aiki rana ɗaya a Ingila da Sikotilan da Wales da Ireland ta Arewa, kuma ta hau kan masu shaguna da masu sayarwa ta intanet baki ɗaya. Tun daga watan Janairun 2024 da Rishi Sunak ya sanar da shirin yana firaminista, har zuwa lokacin da gwamnatin Keir Starmer ta tsayar da ranar fara aiki, hujjar da aka fi ji a bakin 'yan siyasa ita ce kare yara 'yan makaranta.

Sai dai wanda ya shiga shagon unguwa a Landan ko Birmingham bayan wannan rana zai tarar da kantar shagon a cike take da sigarin lantarki masu launin ja da kore da ruwan hoda, ɗauke da sunayen kamfanonin da ya saba gani, kuma farashin bai yi nisa da na da ba. Wannan ne ya ruɗa iyaye da malamai da dama, har suna tambayar ko an haramta abin ko kuwa ba a haramta ba. Amsar ita ce nau'i ɗaya kawai aka cire daga kasuwa, kuma matsalar da ke cikin makarantu ta fi wannan nau'in faɗi.

Abin da aka haramta da abin da aka bari

Sigarin lantarki, wanda matasa ke kira vape, ƙaramar na'ura ce mai batir da ɗan tanki na ruwa da siririyar waya a nannaɗe. Idan mutum ya zuƙa, batirin yana ɗumama wayar, ita kuma ta mayar da ruwan tururi, a shaƙa zuwa huhu. Ruwan ya ƙunshi sinadaran da ke ba da tururin, da kayan ɗanɗano, da kuma nikotin a mafi yawan lokuta, wato sinadarin da ke sa mai shan taba ya kasa bari. Ba a ƙona ganyen taba a ciki, saboda haka babu kwaltar nan da iskar guba da ƙonawa ke haifarwa, waɗanda su ne tushen yawancin cututtukan da sigari ke jawowa. Wani masanin haɗa magunguna ɗan ƙasar Sin mai suna Hon Lik ne ya ƙirƙiro irin na zamani a 2003, kuma har yau a birnin Shenzhen ake ƙera mafi yawan waɗanda ke yawo a duniya.

Nau'in da dokar ta shafa shi ne na sha-ka-yar, wanda yake zuwa a rufe ruf, da ruwansa da cajinsa, ba a buɗe shi ba a ƙara masa komai. Domin na'ura ta tsira daga haramcin, dole ne ta kasance ana iya yi mata caji, ana iya sake cika ta da ruwa ko a sauya mata tanki, sannan idan tana da wayar ɗumamawa to a iya sauya ta da wata da ake samu a kasuwa. Wadda ta cika sharaɗi ɗaya ta rasa ɗaya, kamar a ce ana cajinta amma ba a sake cika ta, ta faɗa cikin haramtattu. A Ingila, wanda aka kama a karon farko zai iya biyan tarar fam 200 a kuma ƙwace kayan, idan ya maimaita kuwa ana iya gurfanar da shi, inda hukuncin zai iya kaiwa tarar da ba ta da iyaka ko ɗaurin shekara biyu. Mai zuƙa ba shi da laifi a wannan doka, ko da ya tara na sha-ka-yar a gida kafin ranar.

Akwai abin da ba a cika ambata ba: a ƙarƙashin dokokin kare muhalli aka yi wannan haramci, kuma ma'aikatar muhalli ce ta jagorance shi a Ingila. Ƙungiyar Material Focus ta ƙiyasta cewa a 2023 ana jefar da na sha-ka-yar kimanin miliyan 5 a kowane mako a ƙasar, kowanne da batirin lithium a cikinsa, wanda kan kama da wuta idan motar shara ta matse shi. Wannan ya bayyana dalilin da ya sa dokar ta tsaya kan yadda aka ƙera na'urar, ba ta taɓa launi ko ɗanɗano ko wurin da ake baje ta a shago ba, alhali waɗannan ne ke jan hankalin yaro.

Game da yara kuwa, ba sabon hani aka kawo ba. Tun watan Oktoban 2015 doka ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba sigarin lantarki mai nikotin a Ingila da Wales, ta kuma hana babba ya saya wa yaro. Tun 2016 kuma aka ƙayyade ƙarfin nikotin a kan miligiram 20 a kowace mililita, da girman tanki a kan mililita 2. Ke nan duk yaron da aka kama da sigarin lantarki mai nikotin a makaranta kafin 2025, da wuya a ce ba a riga an karya wata doka ba kafin ya shigo hannunsa.

Yadda ya shiga jakar 'yan makaranta

Shekaru da dama bayan shigowar sigarin lantarki Birtaniya, manya masu son barin taba ne suka fi amfani da shi, kuma na'urorin lokacin manya ne, masu tsada, masu buƙatar a iya cika su a iya wanke su. Al'amarin ya juya a 2021, lokacin da ƙananan na sha-ka-yar irin su Elf Bar, daga baya kuma Lost Mary, suka mamaye shaguna. Binciken da ƙungiyar yaƙi da shan taba ta ASH ke yi duk shekara ya nuna cewa a cikin yara masu zuƙa, waɗanda suka fi amfani da na sha-ka-yar ba su kai kashi 8 cikin 100 ba a 2021, amma a 2022 sun haura rabi, a 2023 kuma suka kai kashi 69. A wannan shekarar ta 2023, kimanin yaro ɗaya cikin biyar masu shekara 11 zuwa 17 ya ce ya taɓa gwadawa. Wani binciken na hukumar lafiya ta NHS a makarantun sakandare na Ingila a shekarar ya gano cewa kashi ɗaya cikin huɗu na ɗalibai masu shekara 11 zuwa 15 sun taɓa zuƙa, kashi 9 cikin 100 kuma suna kan yi.

Ya kamata a karanta waɗannan alƙaluma da natsuwa, domin wanda ya ɗanɗana sau ɗaya a hannun aboki daban yake da wanda ba ya iya kai azahar bai zuƙa ba. Mafi yawan yara ba su taɓa gwadawa ba, kuma shan sigarin gargajiya a tsakanin 'yan makaranta ya ragu ƙwarai idan aka kwatanta da shekarun 1990. Abin da ya tayar da hankalin likitoci shi ne cewa da yawa daga cikin masu zuƙar ba su taɓa shan taba ba, wato ta wannan ƙofa suka fara sanin nikotin.

Dalilan yaɗuwar ba ɓoyayyu ba ne. Na sha-ka-yar ɗaya bai cika wuce fam 5 ba, kuɗin da yaro zai iya tsamewa daga na abincin rana, alhali kwalin sigari ya ninka haka fiye da sau biyu. Ba ya buƙatar koyo, daga leda sai baki. Nikotin ɗin da ke ciki kuma an sarrafa shi ta yadda ba ya ƙona maƙogwaro, saboda haka tarin nan da ɗacin da kan kori yaro a ranar da ya fara gwada sigari babu su, sai ɗanɗanon kankana ko mangwaro ko alawa. Girmansa bai fi alƙalamin maka ba, yana shiga safa ko hannun riga, kuma tururin kan ɓace cikin daƙiƙu ya bar ƙamshi irin na cingam, wanda ba zai sa malami ya juyo ba.

Sai kuma yadda ake baje shi. A Birtaniya doka ta tilasta ɓoye sigari a bayan ƙofar kabad a shago, kuma kwalinsa launi ɗaya ne mara ƙayatarwa da hoton cuta a jiki. Sigarin lantarki bai shiga wannan doka ba, saboda haka yaron da ya shiga sayen biskit bayan an tashi daga makaranta zai gan shi a jere kusa da wurin biyan kuɗi, wani lokaci dab da alawa. A waya kuma bidiyoyin TikTok da Instagram sun yi masa tallan da dokar talla ba ta iya kamawa cikin sauƙi.

Amurka ta riga Birtaniya shiga wannan hali. A can kamfanin Juul ne ya fito da na'ura mai kama da filashin kwamfuta da nikotin mai ƙarfi sosai, kuma zuwa 2019 kashi 27.5 cikin 100 na ɗaliban babbar sakandare sun ce sun zuƙa a cikin wata ɗaya da ya gabata. A 2022 kamfanin ya amince ya biya kimanin dala miliyan 438 ga jihohi fiye da 30 domin kashe binciken da ake yi kan yadda ya riƙa tallata kayansa ga matasa.

Me aka sani game da illarsa

A nan ne ruɗanin ya fi yawa, domin maganganu biyu da suke kama da masu karo da juna duk gaskiya ne. A 2015 hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta fitar da rahoton da ya ce sigarin lantarki ya fi taba ƙarancin illa da kusan kashi 95 cikin 100. Masana da dama sun soki yadda aka samo wannan adadi, amma ba a cika jayayya ba kan cewa wanda ya bar taba gaba ɗaya ya koma tururi ya rage wa jikinsa guba mai yawa. Nazarin Cochrane, wanda ke tattara sakamakon gwaje-gwajen asibiti daga ƙasashe daban-daban, ya kammala cewa sigarin lantarki mai nikotin ya fi cingam da filastar nikotin taimaka wa manya su bar taba. A kan wannan ne gwamnati ta sanar a 2023 cewa za ta raba na'urori kyauta ga mashaya taba miliyan ɗaya a Ingila.

Amma wannan kwatanci da taba ake yi, kuma yaron da bai taɓa shan taba ba babu abin da ya rage wa kansa. Babban jami'in lafiya na Ingila, Farfesa Chris Whitty, ya taƙaita matsayin hukuma da cewa mai shan taba gara ya koma sigarin lantarki, wanda ba ya sha kada ya fara, tallata shi ga yara kuma abu ne da ba za a lamunta ba.

Illar da aka fi tabbatarwa ga matashi ita ce kamuwa da nikotin. Ƙwaƙwalwa ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25, kuma sabo ya fi saurin kama ta tun tana ɗanya. Sigari yana da farko yana da ƙarshe, idan kara ya ƙone an gama, sai an sake samun wuri da ashana. Sigarin lantarki kuwa ana iya zuƙarsa sau ɗaya a mayar aljihu, a kan gado ko a bayan aji, daga safe har dare, ta yadda yaro zai sha nikotin mai yawa ba tare da ya lissafa ba. Idan jiki ya saba, awa ɗaya ko biyu ba tare da shi ba kan kawo ƙunci da saurin fushi da rashin natsuwa, kuma wannan ne malamai ke gani a matsayin yawan neman izinin zuwa banɗaki a tsakiyar darasi. Illar shekara talatin ko arba'in ga huhu da zuciya kuwa bincike bai kai gare ta ba tukuna, saboda abin bai daɗe haka a hannun jama'a ba.

Akwai kuma haɗarin da ya sha bamban da nikotin, wato kayan bayan fage. A 2023 BBC ta kai wasu na'urori da aka ƙwace a wata sakandare a garin Kidderminster ɗakin gwaji, aka sami dalma da wasu ƙarafa fiye da ƙima a cikinsu, kuma yawancinsu ba su bi ta rajistar hukuma ba. A 2024 Farfesa Chris Pudney na Jami'ar Bath ya gwada na'urori 596 da aka ƙwace a makarantu 38 na Ingila, ya tarar kimanin ɗaya cikin shida na ɗauke da spice, wani haɗaɗɗen sinadari mai bugarwa da ya fi wiwi haɗari, wanda kan sa mutum ya yanke jiki ya faɗi. Yaran kan saya ne a zaton ruwan wiwi ne. Abin lura shi ne kusan duk waɗannan a cikin na'urorin da ake sake cikawa aka same su, wato nau'in da dokar 2025 ta bari. Haka nan cutar huhun da ta kwantar da mutum fiye da 2,800 a Amurka daga 2019 zuwa farkon 2020, ta kashe 68, an danganta ta da wani mai da ake gauraya wa ruwan wiwi na bayan fage, ba da ruwan nikotin na shago ba, kodayake har yau ana cakuɗa su a hira.

Inda ra'ayoyi suka rabu

Kwalejin likitocin yara ta Birtaniya da ƙungiyar ƙananan hukumomi ta Ingila suna cikin waɗanda suka nemi a haramta na sha-ka-yar tun 2023. Hujjarsu ita ce lokacin da wannan nau'i ya shigo shi ne lokacin da alƙaluman yara suka tashi, kuma ba hikima ba ce a jira shekaru ana neman cikakkiyar shaida a kan huhun yara, kamar yadda aka yi jinkiri da taba har ta kashe miliyoyi. Ƙananan hukumomi kuma su ne ke kwashe sharar, su ne ke kashe gobarar.

Ƙungiyar masu sana'ar sigarin lantarki ta ce haramci zai tura ciniki kasuwar bayan fage ne kawai, inda ba a tambayar shekaru kuma ba a gwada kaya, ta kuma nemi a kafa lasisi ga masu sayarwa da tara mai tsanani ga wanda ya sayar wa yaro. Ana iya cewa masu kare cinikinsu ne, kuma haka ne, amma wasu masu bincike da ba su da hannu a kasuwar sun yi irin wannan gargaɗi ta wata fuska. Wani nazari na Jami'ar UCL da ke Landan a farkon 2024 ya ƙiyasta cewa manya kimanin miliyan 2.6 ne ke amfani da na sha-ka-yar, mafi yawansu masu shan taba ne ko waɗanda suka bari, kuma akwai fargabar wasu su koma sigari. Binciken ASH ya kuma nuna cewa kimanin rabin mashaya taba sun ɗauka sigarin lantarki daidai yake da taba wajen illa ko ma ya fi ta, kuma kowane sabon haramci na iya ƙarfafa wannan kuskuren fahimta.

Ostireliya ta bi wata hanya dabam. Ta hana shigo da na sha-ka-yar daga 1 ga Janairun 2024, daga 1 ga Yuli kuma ta mayar da sayar da kowane irin sigarin lantarki kantin magani kaɗai, a kwali mara ado, da ɗanɗano uku kacal: taba, na'ana'a da mantol. Daga watan Oktoba babba na iya saya bayan ya tattauna da mai kantin, yaro kuwa sai da takardar likita. Masu goyon baya na cewa wannan ya mayar da abin matsayinsa na magani, masu suka kuma na nuna cewa har yanzu ana samunsa a ɓoye a shagunan taba, kuma an wayi gari sayen sigari ya fi sayen abin da ke taimakawa a bar shi sauƙi. Indiya ta haramta shi ɗungurungum tun 2019, Beljiyam da Faransa kuma sun haramta na sha-ka-yar a farkon 2025.

A Amurka adadin ɗaliban babbar sakandare masu zuƙa ya sauko zuwa kashi 7.8 cikin 100 a 2024. Kowane ɓangare na son jingina wannan ga matakin da ya fi so, amma abubuwa da yawa ne suka haɗu a lokaci guda: ɗaga shekarun saye zuwa 21 a ƙarshen 2019, taƙaita ɗanɗano a wasu nau'o'i, tsoron cutar huhun nan, rufe makarantu lokacin korona, da gangamin wayar da kai. Darasin da ya fi fitowa fili shi ne cewa da aka matsa wa Juul, matasa sun koma na sha-ka-yar da dokar lokacin ba ta rufe ba.

Hukunci ko taimako a cikin makaranta

Shugaban makaranta a Ingila na da ikon saka sigarin lantarki cikin abubuwan da dokar makaranta ta hana, ya sa a bincika jakar ɗalibi, ya kuma ƙwace abin da aka samu. Makarantu da yawa sun ƙara da sanya na'urar da ke shinshinar tururi a silin banɗaki, wadda ke aika saƙo wayar malami, wasu sun cire ƙofofin waje na banɗakuna ko suna kulle su lokacin darasi, wasu kuma suna dakatar da ɗalibin da aka kama. Ƙungiyar malamai ta NASUWT ta ce mambobinta na kokawa da ɗalibai masu fita daga aji domin zuƙa, da kuma ƙananan yara da ke tsoron shiga banɗaki saboda manya sun mayar da shi mahaɗa.

Kowanne daga cikin waɗannan matakai na da tsadarsa. Na'urar shinshina na cin kuɗin da za a iya saka wa a wani wuri, kuma tana faɗin cewa an zuƙa ne, ba ta faɗin wanda ya zuƙa. Kulle banɗaki na cutar da ɗaruruwan da ba su da laifi, musamman 'yan mata masu al'ada da yaran da ke da lalurar mafitsara ko ciki. Dakatarwa kuwa tana mayar da yaron da nikotin ya kama gida, inda iyaye sun tafi aiki kuma babu mai hana shi zuƙa yini guda, sannan ya dawo an wuce shi a karatu. Masu kare tsaurarawa na cewa idan babu hukunci bayyananne, ƙananan ɗalibai za su ɗauka abin ba komai ba ne, kuma dole a bambanta mai zuƙa da mai kawowa yana sayar wa 'yan'uwansa, wanda shi ne hanyar da yara da yawa ke samu.

Ɗaya ɓangaren na kallon lamarin a matsayin lalurar lafiya. A Amurka ƙungiyar kula da lafiyar huhu ta ƙasar ta tsara wasu darussa da ake ba ɗalibin da aka kama a maimakon dakatarwa. Wani gwaji da aka wallafa a mujallar likitoci ta JAMA a 2024, a kan matasa kimanin 1,500 masu shekara 13 zuwa 17, ya nuna cewa a cikin waɗanda aka riƙa tura wa saƙonnin waya na taimakon bari, kusan kashi 38 cikin 100 sun daina bayan wata bakwai, idan aka kwatanta da kashi 28 na waɗanda ba a tura wa ba. Tazarar ba ta kai a kira ta waraka ba, amma ta nuna cewa da yawa daga cikin yaran suna son bari kuma taimako na da tasiri. A Birtaniya ana iya ba yaro mai shekara 12 zuwa sama cingam ko filastar nikotin a ƙarƙashin kulawar ma'aikacin lafiya, sai dai cibiyoyin taimakon barin taba an gina su ne domin manya masu shan sigari, kuma ba kowace ƙaramar hukuma ce ke da shirin yara masu zuƙar tururi ba.

Wajen faɗakarwa ma akwai tarko. Idan malami ya ce wa aji sigarin lantarki ya fi taba kisa, ɗalibin da ya ga mahaifiyarsa ta bar taba da shi zai daina yarda da sauran maganar, wani kuma zai iya kammala cewa gara sigarin. Idan kuma aka yi ta nanata cewa kowa na yi, an tallata shi ke nan, alhali gaskiyar ita ce mafi yawa ba sa yi.

Abin da zai biyo baya ga iyaye da masu shago da mashaya

Tun kafin ranar haramcin, manyan kamfanonin suka fito da na'urori masu kama da na da a launi da girma da ɗanɗano, sai dai an ƙara musu ramin caji da tankin da ake cirewa. Sun cika sharaɗin doka, farashinsu ya yi kusa da na da, kuma babu abin da zai hana mai saye ya jefar idan ruwan ya ƙare, musamman a shagon da bai ajiye tankunan sauyawa ba. Ga iyaye, ma'anar wannan ita ce abin da za su iya gani a jakar yaro bai sauya kama sosai ba, illa yanzu yana iya zuwa da wayar caji. Alamun da suka fi amfani su ne na ɗabi'a, kamar ƙamshin 'ya'yan itace a ɗaki, da yawan keɓewa na 'yan mintuna, da kuɗin da ke ƙarewa ba bayani.

Iyaye a Nijeriya ma ba su yi nisa da batun ba, domin irin waɗannan na'urori ana sayar da su a shagunan manyan birane da ta intanet. Dokar hana yaɗuwar taba ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai 18 ba taba, ta kuma hana sayar da sigari kara-kara, amma duk wanda ya tsaya gaban mai tebur ya san inda aiwatarwar ta tsaya. Matsalar Birtaniya ma ta wannan gefen take: jami'an ƙananan hukumomi masu sa ido kan ciniki su ne ke da alhakin kama mai sayar wa yara da mai kayan fasa-ƙwauri, kuma sun daɗe suna kukan ƙarancin ma'aikata da kuɗi. Mai shago mai bin doka shi ne ya yi asarar kayan da suka rage masa, yana kuma kallon maƙwabcinsa na sayarwa ta ƙarƙashin kanta.

Matakan da suka fi kusa da abin da ke jan yara suna cikin ƙudurin dokar taba da sigarin lantarki da gwamnati ta gabatar wa majalisa a watan Nuwamban 2024. Ƙudurin ya tanadi hana sayar da taba har abada ga duk wanda aka haifa daga 1 ga Janairun 2009, da hana tallar sigarin lantarki da ɗaukar nauyin wasanni da sunansa, da hana sayar wa yara har da wanda ba shi da nikotin, da kafa lasisi ga masu sayarwa. Ya kuma ba ministoci ikon taƙaita ɗanɗano da kwali da yadda ake bajewa a shago, amma ikon ne kawai, ainihin ƙa'idojin sai an sake tuntuɓar jama'a, kuma a kan ɗanɗano ne za a fi kai ruwa rana, tunda manyan da suka bar taba su ma na 'ya'yan itace suka fi so.

Sai haraji. An tsara cewa daga 1 ga Oktoban 2026 za a ɗora fam 2.20 a kan kowace mililita 10 ta ruwan sigarin lantarki, kuma a rana ɗaya za a ƙara harajin taba domin kada tururi ya zo ya yi daidai da sigari a farashi. A kan ƙaramin tanki mai mililita 2, irin wanda yara suka fi saya, ƙarin bai wuce fene 44 ba kafin harajin saye, alhali babban da ke sayen kwalba yana cika na'urarsa da kansa, wanda yawanci shi ne tsohon mashayin taba, zai ga kwalbar da yake saya da arha ta kusa ninka kuɗinta ko ta fi.